"Sifika Ta Mutu": Sunayen Kayan Sautin Mota da na Cututtukansu a Kano

A wurin masu gyaran wayarin mota a Kano, da wuya a wuni ba a ji wani ya ce "sifika ta mutu" ba. Wani lokaci mai motar ne da kansa, wani lokaci direba ne da aka aiko daga wani gida a Nassarawa GRA, ta wajen Sultan Road ko Alu Avenue ko Lamido Crescent, da saƙon maigida cewa a canza ta kafin a ɗauko yara daga makaranta. Sai a kwance marfin ƙofa, a ciro sifikar, a gwada ta a gefe, a tarar lafiyarta ƙalau. Abin da ya lalace yana wani wuri daban: waya ce ta tsinke a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, ko tsatsa ta ci bakin soket, ko yaro ne ya taɓa maɓallin da ke karkatar da sauti gefe ɗaya. In mai gyaran mai tsoron Allah ne, ya faɗi gaskiya a biya shi ladan aikinsa. In ba haka ba, an sayar wa Alhaji sabuwar sifika, an kuma sami tsohuwa mai lafiya da za a sayar wa wani gobe.

Wannan asara daga baki take farawa. Kalmomin da muke amfani da su a kan kayan sautin mota kashi biyu ne. Sunayen kayan kusan duk aro ne, an sassaƙe su sun zauna a harshenmu. Sunayen cututtukan kuwa namu ne na gado, kuma sun fi na aron kaifi nesa ba kusa ba. Sai dai mutum in ya je gareji yakan ajiye na gidan, ya ɗauki na aron da bai gama sanin iyakarsu ba.

Lasifika, sifika, amsa-kuwwa

Kafin rediyo ya shiga mota a Kano, sai da ya shigo gari ta waya. A 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta kawo wa Kano tsarin rarraba shirye-shiryen rediyo irin wanda aka fara a Legas a 1935. Ba akwatin da ke kamo tasha daga iska ba ne. Ofishi ɗaya ke kama shirin, sannan a tura shi ta waya zuwa akwatunan da aka kafa a gidajen masu biyan kuɗi da wuraren taruwar jama'a. Abin da ke cikin akwatin lasifika ce kawai, a ƙarshen doguwar waya, ba ta da abin faɗa sai wanda wayar ta kawo mata.

Sunan lasifika daga loudspeaker na Ingilishi ya fito, kuma ya bi hanyar da Hausa ta saba bi da baƙin kalmomi. Harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon gaɓa babu wasali a tsakani, ba shi kuma da "p" tsayayye, shi ya sa "sp" ya koma "sif", kamar yadda aka yi a sifana. Wutsiyar "-er" ta zama "-a", irin ta direba da rikoda da mita. Da yake yawancin sunaye masu ƙarewa da "-a" mata ne a Hausa, sai na'urar ta tashi a mace: ta mutu ake cewa, ba ya mutu ba. Daga baya aka raba wa kalmomin biyu aiki. Lasifika ita ce ta kan hasumiyar masallaci, da ta motar mai tallan magani, da ta 'yan siyasa. Sifika ita ce ta cikin ƙofar mota, da ta ɗaki, da ta wayar hannu. Da aka zo fassara muƙamin shugaban majalisar dokoki kuwa, wanda a Ingilishi kalmarsa ɗaya da ta na'urar, sai 'yan jarida suka ɗauko kakaki, dogon ƙahon ƙarfen da ake busa wa sarki.

Akwai kuma sunan gida da aka raɗa mata, amsa-kuwwa, wato muryar da dutse ko kango ke mayar wa wanda ya yi kira. Ba a cika jin sa a gareji ba, ya fi zama a littafi, amma shi ya fi faɗin gaskiyar na'urar. Sifika ba ta da maganar kanta. In an ba ta sauti mai datti, datti za ta fitar. In ba a ba ta komai ba, ta yi gum. Wanda ya ji ƙara marar daɗi ya ruga sayen sabuwa bai binciki abin da ke ciyar da ita ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Cikinta ba wani abin ruɗani ba ne, kuma tsarin bai canza sosai ba tun 1925, lokacin da injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana shi. A bayanta akwai maganaɗisu, kalmar da muka aro daga Larabci, wanda yara da 'yan gwangwan suka fi sani da mayen ƙarfe. A tsakiyarsa akwai siririn rami mai zagaye, a ciki kuma kwayil, wato wayar jan ƙarfe mai laushi da aka nannaɗe. Kwayil ɗin yana manne da mazurari na kwali ko roba. In wutar sauti ta ratsa kwayil, sai ya riƙa kai da komo a cikin ramin, mazurarin ya tura iska, kunne ya ji murya. Kusan abu uku ne ke iya lalacewa a nan: kwayil ya ƙone ko ya tsinke, kwalin ko bakinsa ya yage, ko wani abu ya shiga ramin. Abin da ya wuce waɗannan ba laifin sifika ba ne. Manya da ƙananansu kuwa Turawa ma da kunne suka raɗa musu suna: wufa, mai sauti mai kauri, daga haushin kare; tuwita, 'yar ƙaramar da ake maƙalawa kusa da madubin gefe, daga kukan tsuntsu.

Akwatin da ke gaban mota sunansa na bin zamani. Kamfanin Galvin na Chicago ya fitar da rediyon mota mai suna Motorola a 1930, Philips ya fito da kaset a 1963, Pioneer ya shigar da sidi mota a 1984. Kowane zamani ya bar sunansa a bakin mutane. Dattijo ya ce rediyo, wanda ya yi tashe da Peugeot 504 ta Kaduna ya ce rikoda ko kaset, na bayansa ya ce sidi, yaran yanzu su ce Android saboda allon da ake shafawa. Faifai kuwa, wanda asalinsa na rufe ƙwarya ne da bakace, ya yi wa garmaho hidima, ya yi wa sidi, har yau ana cewa "faifan bidiyo" ga abin da ba shi da siffar faifai ko kaɗan.

Duk waɗannan sunaye suna ɓoye abu ɗaya: a motoci da yawa ba akwatin gaba ke tura sifikoki ba. Irin motocin da suka cika gidajen Nassarawa, Lexus mai kayan sautin Mark Levinson, Toyota mai JBL, Mercedes mai Harman Kardon ko Burmester, suna da amfilifaya daban da kamfani ya ɓoye a ƙarƙashin kujera ko a gefen but. In ruwa ya shiga ƙarƙashin kafet, ko a wurin wankin mota, ko a ambaliyar watan Agusta, ko ma tun a Amurka kafin a yi gwanjon motar, allo zai kawo wuta, lambar tasha ta fito, amma babu sauti ko ƙanƙani. Direba ya ce rediyo ne, maigida ya ce sifikoki ne, alhali akwatin da ya jiƙe babu wanda ya san da zamansa a cikinsu.

Waya da wayarin

Waya kalma ce da ta yi wa Hausa bauta. Da farko zaren ƙarfe ce. Da aka kafa tangarahu sai saƙon da ke bi ta cikinta ya zama waya, aka sami "buga waya" da "gidan waya". Tarho ya gaji sunan, salula ta gada daga tarho, ga shi yau abin da muke kira waya ba shi da waya ko ɗaya a jikinsa. Don haka in mutum ya ce wa mai gyara "waya ba ta haɗuwa da rediyo", dole a tambaye shi wacce: ta aljihunsa mai neman Bluetooth, ko ta bayan dashbod? Daga tushe ɗaya aka sami wayarin da mai wayarin, wanda wasu ke kira rewaya kamar yadda ake faɗa a kudu. A wasu motocin Jamus, irin BMW da Mercedes na bayan shekarar 2000, akwai ma "wayar" da ba wuta take ɗauka ba. Haske ne ke bi ta cikin zaren roba daga akwati zuwa akwati a zagaye. In ta karye a wuri ɗaya duk sautin motar ya ɗauke, kuma ba irin wadda ake murɗawa a naɗe da salatif ba ce.

A bayan rediyon da aka sayo a kasuwa, Pioneer ne ko Sony ko Kenwood ko JVC, wayoyin ba su da suna sai launi, kuma daga nan yaron shago ke fara hadda. Ruwan ɗorawa ita ce mai wuta kullum daga batir, ita ke riƙe agogo da tashoshin da aka adana. Ja ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli. Baƙa ta bodi ce. Shuɗiya ta eriya ce, shuɗiya mai ratsin fari ita ke tashin amfilifaya. Takwas na sifikoki huɗu ne, bibbiyu: fara gaba hagu, ruwan toka gaba dama, koriya baya hagu, shunayya baya dama, kuma a kowace biyu mai ratsin baƙi ita ce negetif.

Wannan tsarin masu rediyon kasuwa ne kawai. Kamfanonin mota kowa da launinsa, Toyota daban, Honda daban, Peugeot daban. Wanda ya haɗa ja da ja, kore da kore, don kawai launi ya zo ɗaya, caca yake da motar mutane. Ko a motocin Turai masu soket iri ɗaya, wasu Volkswagen da Opel sun musanya gurbin wayar kullum da ta makulli. Alamar sananniya ce a tsofaffin Golf: duk sanda aka kashe mota rediyo ya manta agogonsa da tashoshinsa, sai an sake nemo Freedom a 99.5 daga farko. Mai motar zai ce memori ya lalace. Babu abin da ya lalace. A musanya ja da ruwan ɗorawa, magana ta ƙare.

Wuta, ƙonewa da negetif

Wuta ma haka take. Ta murhu wuta, ta lantarki wuta, don haka duk abin da ya daina aiki sai a ce ya ƙone. A kayan sauti ƙonewa iri uku ce, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba.

Ta farko ta fis ce, kuma alheri ce, domin an yi fis ne ya mutu a madadin wayarin. Launinsa ke faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. In an canza shi ya sake ƙonewa nan take, to wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe. Ɗaure fis, wato a cusa zaren waya ko takardar azurfar kwalin sigari a gurbinsa, shi ke mayar da ƙonewar fatar baki ta zama gobara ta gaske, domin wayoyin cikin dashbod ne za su sha zafin da fis ya kamata ya sha.

Ta biyu ta kwayil ce, kuma hanci na gane ta da ƙaurin da ke fitowa daga ƙofar. Mutane na ɗauka babban rediyo ne kaɗai ke ƙona sifika, alhali sau da yawa ƙaramin da aka ƙure ne. In aka murɗa sauti ya wuce abin da akwatin zai iya bayarwa, murya ta fara tsagewa, zafi ya taru a kwayil, tuwita ce ke fara tafiya. 'Yan Adaidaita Sahu, waɗanda suka cika titunan Kano tun bayan hana acaɓa a Janairun 2013, sun san wannan sarai, domin da ƙarar inji da hayaniyar titi suke gasa.

Ta uku ita ce mai tsada, ƙonewar aisi, ɗan ƙaramin guntun da ke ƙarfafa sauti a cikin rediyon, kuma sau da yawa suna ne ke jawo ta. Negetif abu biyu yake nufi a mota. Akwai na batir, wanda aka ɗaure da jikin mota ta yadda duk ƙarfen bodi ya zama hanyar komawar wuta. Littattafan Ingilishi suna kiran sa da sunan ƙasa, ko da yake tayoyi sun raba mota da ƙasa. A Faransanci, wanda masu gyara a Maraɗi da Damagaram suka fi aro daga gare shi, masse ne, wato jikin ƙarfen. Akwai kuma negetif na sifika, mai ratsin baƙi. A tsofaffin rediyoyi masu ƙaramin ƙarfi waɗannan biyun abu ɗaya ne, ana iya jan waya ɗaya zuwa sifika a ɗaure ɗayar a bodi. A na yanzu wayoyin sifika biyun duk rayayyu ne, ɗaya na turawa ɗaya na ja, don a tatsi ƙarfi daga batir mai bolt 12. Duk wanda ya ɗaure negetif ɗin sifika a bodi, ko ya haɗe na sifikoki biyu wuri ɗaya don tsimin waya, ya yi wa aisi shot. Rediyo mai kariya zai kashe kansa ya yi shiru, marar kariya zai yi hayaƙi.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne ƙara sifikoki barkatai. Ana auna nauyin da sifika ke ɗora wa rediyo da om, ma'aunin da ya ci sunan Bajamushen nan Georg Ohm. Ta mota yawanci om 4 ce, ta ɗaki 6 ko 8. In aka ɗora biyu masu om 4 a kan layi ɗaya, kai da kai, lissafin ya koma om 2, rediyon ya ja wuta ninki biyu. Irinsa ne ke yi da safe lafiya, ya ɗauke da rana ta take, ya dawo in ya huce, har mai motar ya fara zargin abin da ba a gani.

Sunayen cuta

A nan Hausa ba ta buƙatar aro. Gogaggen mai wayarin ba ya fara ɗaukar sukurudireba, tambaya yake fara yi.

"Ranka ya daɗe, yaya take yi?"

"Ba ta yi mana."

"Shiru take yi ɗif, ko tana magana tana shaƙewa?"

"A'a, in an shiga gargada sai ta ɗauke, in an hau kwalta ta dawo."

"To, ba sifika ba ce, Yallaɓai. Waya ce ke wasa."

Kowane amo da sunansa, kowane suna da inda yake nunawa. Shiru ɗif a gefe ɗaya, a fara duba maɓallan da ke raba sauti hagu da dama, gaba da baya. In suna tsakiya, a ɗauko mita. Sifika mai om 4 takan nuna tsakanin 3 da 4. In ta nuna haka a bakinta amma ba ta nuna komai daga bayan rediyo, layin ne ya tsinke a hanya, kuma wurin da aka fi samun sa shi ne cikin robar ƙofar direba, wadda ake buɗewa a rufe fiye da kowacce. Jan ƙarfen yakan karye a ciki fatar wayar tana nan lafiya, sai an ja ta a ji ta miƙe. In mita ta nuna kusan sifili, wayoyi ne suka haɗe.

Ɗauke-ɗauke, ta yi ta daina, ƙanwar wannan ce: waya ce ta kusa rabuwa, ko mahaɗar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif, zafin rana ya narkar da gam ɗin ya saki. A kunna rediyo a riƙa kaɗa ƙofar a hankali, wurin zai tona kansa. Maganinsa liƙi da dalma, ba ƙarin salatif ba.

Tsuwwa, "ƙiii" mai siriri da ke hawa in an taka totur ta sauka in an saki, ba daga sifika take ba ko kaɗan. Kukan altaneta ne ya sami ƙofar shiga, yawanci saboda baƙar wayar an ɗaure ta a kan fenti ko tsatsa, ko kuma wayar sauti ta kwanta kafaɗa da kafaɗa da babbar wayar wutar amfilifaya. A kankare ƙarfen har ya yi ƙyalli, a gajarta wayar, a raba musu hanya, ɗaya ta bi dama ɗaya hagu. "Tas-tas-tas" mai bin bugun inji kuwa ta wajen fulogi da wayoyinsa take zuwa.

Dishewa, murya ta fito a shaƙe da "kar-kar" ko an rage sauti, wannan kam a jikin sifikar take. A kashe rediyo, a ɗora yatsu a kewayen tsakiyar kwalin a danna a hankali. Mai lafiya za ta shiga ta fito sumul. In an ji tana gogawa, kwayil ya kumbura da zafi, ko ƙurar hunturu da ɓarɓashin ƙarfe sun shiga ramin, kuma abin da mayen ƙarfe ya kama ba ya saki.

"Ɓarrr" da ba ya fitowa sai an buga ganga mai nauyi yana da masu laifi biyu. Ko dai soson da ke bakin kwalin ya ruɓe, abin da ba ya wuya a garin da zafin Afrilu ke kai digiri 40 a inuwa, balle a motar da aka rufe a rana. Ko kuma ba sifikar ba ce sam, marfin ƙofa ne ya saki, ko lambar mota ce ke karkarwa, ko kwalba a aljihun ƙofa. A dafa wurin da tafin hannu. In ƙarar ta tsaya, an huta da sayen komai.

Akwai kuma wadda ta fi ruɗa mutane: komai na yi, amma sautin ya zama fayau, ba nauyi. Wannan yakan biyo bayan gyara. An juya wayoyin sifika ɗaya, tana ja lokacin da 'yar'uwarta ke turawa, kaurin ya cinye juna. A karkatar da sauti gefe ɗaya. In nauyin ya dawo, an gano. Ana tabbatarwa da ƙaramin batir na tocila mai bolt 1.5: a taɓa shi da wayoyin sifikar na ɗan ƙiftawar ido, in fozitif ya dace da fozitif kwalin zai turo waje. Ba a yi wa tuwita wannan gwajin. In kuma fitilun mota na lumshewa da kowane bugun wufa, wayar wutar ce ta yi siriri, ko batir da altaneta sun gaza ɗaukar lodin.

Sunayen kasuwa

In ta tabbata sai an saya, akwai wasu sunayen da ke jira a Ƙofar Ruwa da France Road ta Sabon Gari. Beljiyam shi ne kayan da aka yi amfani da su a waje, ko daga ina suka fito, saboda tashar jiragen ruwan Antwerp da aka daɗe ana loda tsofaffin motocin Turai zuwa Afirka ta Yamma. 'Yar Kwatano ta ci sunan tashar da ta sauka, tokumbo kuma aro ne daga Yarbanci. Waɗannan sunaye labarin hanya suke bayarwa, ba labarin lafiya ba. Sifikar Beljiyam da ta yi shekara ashirin a ƙofar wata mota tana iya fin sabuwa ta jabu, tana kuma iya zuwa da bakinta a ruɓe. Sannan wadda aka ciro daga mota mai amfilifayar kamfani tana iya zama om 2, a sa wa rediyon kasuwa ya riƙa zafi. A juya ta a karanta abin da aka buga a bayan maganaɗisun.

Wat shi ne babban abin talla. Lambar da aka rubuta da manyan haruffa a kwali, mai PMPO ko "max" a gefenta, ƙarfin ƙiftawar ido ne ko ma zuƙi ta malle. Wadda ake aiki da ita ita ce mai RMS, kuma takan ɓuya a ƙananan rubutu. Rediyon da aka rubuta wa 50 sau 4 abin da yake bayarwa tsakani da Allah bai cika wuce wat 20 a kowace sifika ba. DIN da ake gani a kwalin kuwa sunan hukumar ƙa'idojin Jamus ne, girman ramin dashbod yake nufi: faɗin milimita 180 da tsayin 50, mai ninki biyu kuma tsayin 100.

Ita ma wayar da ake yanko wa mutum a yadi tana da nata rufin asiri. Akwai jan ƙarfe zalla, akwai alminiyam da aka yi wa wankan jan ƙarfe, duka biyun kuma "waya" ake ce musu. Alminiyam wajen kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka yake iya ɗauka, ga saurin karyewa a inda ake lanƙwasawa. A kankare zaren da wuƙa: in ciki ya fito fari, an san abin da aka saya. Ta alminiyam ta fi sauƙi a hannu kuma, fatarta ta fi cikinta kauri.

Aikin tattara kalmomin Hausa ya daɗe, tun daga ƙamusun Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, kuma masu kishin harshe sukan so a ƙirƙiro wa kowace kalmar aro madadi. A wannan sana'a ba nan buƙatar take ba. Sifika da fis da batir sun zama 'yan gida, kowa ya san abin da suke nufi, babu wanda ya taɓa asara saboda su. Inda ake asara shi ne inda kalma ɗaya ta rufe abu biyu: ƙonewar da ake magancewa da canjin fis da wadda ke cin rediyo sukutum, wayar jan ƙarfe da ta alminiyam, negetif na bodi da na sifika. Maigidan da ya koya wa yaransa su ce "wayar bodi" ga ɗaya, su bar wa ɗayar sunan sifikarta, kuma kada su taɓa haɗa su a baki balle a hannu, ya rage yawan rediyoyin da za su yi hayaƙi a shagonsa.